Malam Tarko da 'Yarsa

Sana'ar Malam ita ce ƙirƙirar amsar da ba daidai ba. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ɗauka zolaya nake yi, alhali kullum da idona nake ganinsa yana yi, kuma ni ce mai buga abin da ya rubuta a kwamfuta. Muna aiki ne a wata 'yar madaba'a da ke buga littattafan gwaji na masu shirin jarrabawar Turanci, irin waɗanda ake ba ɗalibi tambaya ɗaya da amsoshi huɗu ya zaɓi guda. Amsar gaskiya ba ta da wuyar samu, kowane littafin nahawu yana da ita. Sauran ukun nan su ne aikin, don dole su yi kama da gaskiya har yaro ya miƙa hannu ya ɗauka da murnarsa. Shi ya sa ma'aikata suke ce masa Malam Tarko, shi kuwa ko a jikinsa, amsawa yake yi.

Ɗakin aikinsa yana can ƙurya, bayan injin yanka takarda. Asalinsa ma'ajiyar tawada ce, ba taga, sai ƙwan lantarki ɗaya da wata fanka da ta daina waiwaye tun kafin in zo, ta kafe fuskarta a bango. Teburina yana bakin ƙofar, saboda haka iskar da na rage ita yake shaƙa. Yakan shigo da safe da biro biyu a aljihu da kofin ruwan ɗumi, ya zauna ya ba ƙofa baya, ba ya tashi sai in salla ta tashe shi.

Da can malamin aji ne, kuma waɗanda suka zauna a gabansa sun ce in yana karanta Turanci har na ajin maƙwabta sukan yi shiru su saurara. Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Aka yi masa aiki a asibiti, ciwo ya tafi, ya tafi da muryar, ya bar masa wata 'yar raɗa da sai ka matso kake ji. Makaranta ta yi haƙuri da shi na ɗan lokaci, sannan ta yi masa godiya ta sallame shi. A nan mai madaba'armu ya tsince shi. Darakta muke ce wa mai madaba'ar, don shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta masa a ƙofa da ruwan gwal. Ya ba Malam aiki, ya kuma ba shi ɗakuna biyu a saman madaba'ar ya zauna da matarsa da 'ya'yansa. Kowa ya ce Darakta ya yi abin kirki, ni ma na ce haka. Sai daga baya na lura cewa aikin da ɗakunan duk a aljihu ɗaya suke, ranar da ɗaya ya fita ɗayan zai bi shi. Sunan da ke bangon littattafan kuwa na Darakta ne, har da hotonsa riƙe da biro.

Wata rana ina buga wasu tambayoyi na gaji da ganin ƙananan kalmomin nan guda biyu suna ta maimaituwa, sai na juya na ce, “Malam, wai wannan ‘in’ da ‘of’ ɗin, me suka tsare maka ne? Shafi nawa na buga, ba kowa sai su.”

Ya juyo da kujera, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ce, “Matso ki ji. In za a ce wane ya fi kowa tsawo a aji, ‘in’ ake sawa, don aji wuri ne, ana shigarsa. In kuwa yara uku aka jera aka ce ya fi su tsawo, ‘of’ ake sawa, don an ƙirga su. Iyakarta ke nan.”

“To ina wahalar? Ko ni da na gudu daga ajin Turanci na gane.”

“Wahalar ita ce in sa yaron da ya san wannan ya yi shakkar kansa. Sai in ja jimlar ta yi tsawo, in ajiye masa adadi kusa da gurbin. Ido ya ga uku, ya ruga wa ‘of’, alhali maganar wuri ake yi tun farko.”

Yana faɗa idonsa yana ƙyalli, wallahi kamar mai nuna ɗinkin da ya yi kyau. Ya ƙara nuna mini wani. Akwai juya jimla da ake koya wa yara, a ɗauki “yaro ya fasa kofi” a mai da ita “an fasa kofi”, mai aikin ya koma baya, abin da aka yi wa aikin ya dawo gaba. To a Turanci akwai kalmomin aikin da ba sa juyuwa ko za a mutu, irin su faruwa da isowa. Su Malam yake ɗauka ya juya su da ƙarfin tsiya, ya sa musu babbar riga, su fito da tsawo da kwarjini. Ya ce yara suna son doguwar amsa, gani suke ita ce babban Turanci. Na ce masa, “Allah ya shirye ka, Malam.” Ya ce amin, ya koma ya ba ƙofa baya.

Babbar 'yarsa Nas ake ce mata tun tana ƙarama, don ba kyanwar da za ta ji rauni a unguwa ba ta ɗaure mata ƙafa da tsumma ba. Da ta girma sunan ya zama buri, makarantar koyon jinya take so ba wata ba. Ilimin kimiyya kuwa kamar da shi aka haife ta. Abu ɗaya ya tsaya tsakaninta da ƙofar makarantar, shi ne sai ta ci jarrabawar Turanci. Kowa ya ɗauka wannan ai an gama, 'yar Malam ce fa.

Abin da ya faru a saman benen nan ba a ɓoye aka yi shi ba, mahaifiyarta ma alfahari take yi da shi. Tun Nas tana ajin farko na sakandare, Malam yakan hau da takardun ranar, in ta dawo daga makaranta ta ci abinci sai ta baje a tabarma ta amsa. Da niyyar koyarwa ya fara, wannan na yarda. Amma sai ya lura cewa tambayoyin da suka kayar da ita su ne Darakta yake yabawa, su ne kuma suke sa masu darasin yamma, malaman da ke sayen littattafanmu, su ce littafin nan akwai zafi. Daga nan aikin ya sauya fuska ba tare da kowa ya ce a sauya ba. In ta ci tambaya sai ya karɓe ta, ya sake wasa ta, ya dawo da ita gobe da wata kama, har sai ta faɗi. In ta faɗi ya sa alama a gefe, ya raɗa mata amsar gaskiya sau ɗaya, a wuce. Gaskiyar sau ɗaya take jin ta. Ƙaryar kuwa ta gan ta a tsaye, ta gan ta a kwance, ta gan ta da kwalliya, shekara da shekaru.

Ba mugu ba ne, kada a yi mini mummunar fahimta. Mutum ne da aka bar wa abu ɗaya tak da ya iya, ya riƙe shi da hannu biyu har bai ga abin da yake takawa ba. Amma ni dai haushinsa nake ji har yau, kuma tausayinsa nake ji, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ta zauna jarrabawar farko ta faɗi. Aka ce tsoro ne, kowa ma yakan firgita. Ta sake zama ta sake faɗi, kuma duk sauran darussa ta cinye su tas. Ranar da sakamako na biyu ya fito ta sauko madaba'a da rana tsaka, ta wuce ni ko gaisuwa babu, ita da ba ta taɓa wuce ni ba ta ce “Anti, sannu da aiki” ba. Ta tsaya a bayan kujerarsa.

“Baba, ban ci ba.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Wane ɓangare ne ya ba ki wuya?”

“Ba wanda ya ba ni wuya. Duk na san su. Sai dai in na karanta amsa ta farko in ji daidai ce, in karanta ta biyu in ji ita ma daidai ce. Duk huɗun na taɓa jin su a bakinka, Baba. Ban san wacce ka ce in riƙe ba.”

Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta juya ta hau sama. Ni kuwa bakina bai iya ajiya ba, na shiga ɗakin na rufe ƙofa na ce masa, “Malam, ka ji abin da ka yi? Mutane na kai 'ya'yansu wajen malami a cire musu kuskure, kai ka zauna kana ɗura wa taka da cokali.” Na faɗi wasu maganganun da suka fi wannan zafi. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, “Ba zan ƙara hawa da takarda ba.”

Ya kuwa cika alkawari. Takarda ta daina hawa bene, Nas ta samu wani tsohon littafin karatu tana bi a hankali ita kaɗai. Sai dai a ƙasa aiki ya fara lalacewa. Malam ya saba da ma'auni, yanzu an ɗauke masa, sai ya zama yana rubutu a makance. Wata tambayar ta fito da sauƙin da ko ɗan firamare zai ci, wata ta fito a murɗe har amsoshi biyu su zama daidai. Masu darasin yamma suka fara ƙorafi. Darakta ya shigo ɗakin da kansa, ya toshe hanci saboda warin tawada, ya zube takardun a tebur.

“Malam, lafiya kuwa? Wannan ai sadaka kake rabawa, ba jarrabawa ba. Me ya canza?”

Da ni ce da na ce tsufa ne, ko ciwon ido. Malam bai iya ƙarya ba in ba a takarda ba. Ya faɗa masa gaskiya, cewa da yarinyarsa yake gwadawa, yanzu kuma ya daina.

Na ga fuskar Darakta ta washe. Ya ce, “To ai abin ya zo da sauƙi. A sauko da ita, a sa mata kujera nan kusa da kai. Ka rubuta, ta amsa, a kawo mini. Wadda ta faɗi in buga, wadda ta ci a zubar. Ga aiki ta samu, ga bita tana yi kyauta kafin jarrabawa ta zagayo. Ko ba taimako ba ne wannan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, yarinyar nan abin da ya kayar da ita ke nan fa.”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ma kujerar nan taki akwai masu so.” Na koma kan aikina, ina da nawa yaran. A kan hanyarsa ta fita ya tsaya ya ƙara da cewa yanzu akwai samari masu haɗa tambaya ɗari a waya kafin shayi ya huce, shi dai mutunci yake dubawa. Ya ɗaga kai ya kalli silin, inda ake jin gudun ƙannen Nas a sama, sannan ya fita.

Mahaifiyarta ta ce ai gara haka da zaman gida, aƙalla za ta riƙa ganin Turanci kullum. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari aka shigo da wata kujerar roba aka matse ta tsakanin teburinsa da tulin kwalaye, Nas ta sauko da fensirinta ta zauna. Ɗakin da bai ishi mutum ɗaya numfashi ba ya koma na mutum biyu.

Haka aka yi ta tafiya. Ya rubuta ya miƙa ta gefe ba tare da ya dube ta ba, ta karanta ta zagaye amsa ta ajiye. Da la'asar in kwashe in kai wa Darakta, ya ware waɗanda ta faɗi ya ba ni in buga. Littafi ya dawo da zafinsa, kowa ya huta. Makarantar jinyar kuwa tana da iyakar shekarun da take ɗauka, kuma Nas ta zo bakin iyakar. Jarrabawar bana ita ce ta ƙarshe da za ta yi mata amfani, duk gidan sun san haka, ni ma na sani.

Ana cikin haka, rajistar jarrabawa ta kusa rufewa, wata rana ina bugu ta zo wucewa za ta ɗebo wa mahaifinta ruwa. Ta ɗan kalli allon kwamfutata a tafe, ta ce, “Anti, kin yi kuskure a nan. ‘In’ ne, gari ai wuri ne.” Ko tsayawa ba ta yi ba. Na duba takardar Malam, na ga gaskiyarta, hannuna ne ya zame. Sai na tsaya ina tunani. Wannan tambayar tana cikin waɗanda aka ce ta faɗi jiya.

Daga ranar na sa mata ido. In ta karɓi takarda, bakin fensirin yakan sauka kan amsar gaskiya nan take, kamar kaza ta ga tsaba. Sai ya tsaya. Sai ta ɗan saci kallon ƙeyar mahaifinta, ta matsa ƙasa ko sama ta zagaye wata. Takan bar kaɗan ta ci, don kada abin ya yi yawa. Ashe zaman da ta yi a gefensa tana ganin yadda ake ɗana tarkon tun daga tushe, yadda ake jan jimla da inda ake ajiye adadi, shi ya warkar da ita. Wanda ya ga inda aka binne igiya ba ya sa ƙafa. Kuma da na koma na karanta tambayoyin da kyau sai na ga abin da ya fi wannan ciwo. Hannun Malam ya mutu. Tsofaffin dabarunsa yake ta juyawa, wasu ma ni da kaina ina gano su. Da Nas tana amsawa tsakani da Allah, da kusan duk abin da ya rubuta kwandon shara zai tafi.

Na tare ta a bakin famfon bayan madaba'a tana wanke kofi.

“Ke, dube ni nan. Yaushe kika fara iyawa?”

Ta ci gaba da cuɗa kofin. “Iya me, Anti?”

“Kada ki mai da ni sakarya, na girmi wannan. Kin yi rajista?”

Ruwa na ta zuba a hannunta. Can ta ce, “Ban yi ba.”

“Me kike jira? Wallahi yau kika shiga ɗakin jarrabawar nan sai kin ci. Bana ce fa ta ƙarshe, kin sani.”

“Na sani. To in na ci na tafi, wa zai riƙa faɗuwa? Darakta zai kawo wani yaro ya zauna a kujerar, shi kuma ba zai ji tausayin kowa ba, zai cinye su duka. Sati nawa kike ganin Baba zai yi bayan nan? Ina za mu kai su Auta? Anti, ki rufa mini asiri, kada ki faɗa masa. In ya san ba sa kamawa, ban san abin da zai rage masa ba.”

Na ce mata ba ita ta haifi gidan ba, ba ita za ta ɗauke shi a ka ba. Na ce mata in ta zama ma'aikaciyar jinya ai ita za ta fitar da su daga benen nan gaba ɗaya. Ta ce karatun shekaru ne, Darakta kuwa ba ya jiran ko wata guda. Lissafinta ya fi nawa tsayuwa. Ta ɗauraye kofin ta koma ciki.

Ban rufa mata asirin ba, ban kuma yi nadama ba. Da aka aike ta sama karɓo abinci na shiga na tsaya a kansa na ce, “Malam, 'yarka da gangan take faɗuwa. Ta iya, ta fi ƙarfin tambayoyinka. Saboda kai take yi.”

Na zaci zai zabura. Ko biron bai ajiye ba. Ya ce, “Na sani.”

“Ka sani?”

“Na daɗe da sani. Kwanaki na ba ta wata da na koya mata tun tana koyon haɗa baƙi. Ba tarko a cikinta ko ɗaya, don in tabbatar na ba ta. Ta faɗi.”

“To don girman Allah me kake jira? Jibi za a rufe rajista. Kalma ɗaya za ka ce mata, je ki. Daga bakinka take son ji, ba daga nawa ba.”

Ya daɗe yana kallon takardar gabansa. Ya ce, “Zan faɗa mata.” Na ce yaushe. Ya ce, “Bari in gama wannan shafin.”

Washegari na sake tambayarsa, ya ce yau in Allah ya so. Na nemi in kama hannun yarinyar in kai ta wurin rajistar da kaina, ta zame ta ce aiki ya yi yawa. Na hau sama wajen mahaifiyarta, ta ce ita ba ta shiga tsakanin uba da 'yarsa a kan maganar boko, su suka san abinsu. Na sauko ina ji kamar in fasa wani abu.

Ranar da za a rufe, tun safe suke zaune kafaɗa da kafaɗa a ɗakin nan. Sau biyu na ga ya ajiye biro ya juyo gare ta, bakinsa ya motsa. Ita kuma sai ta miƙa hannu ta ce, “Kawo ta gaba, Baba.” Sai ya miƙa mata. Da la'asar ta yi, lokaci ya wuce, na kwashi takardun na kai ofis. Darakta ya duba, ya ga kusan duka ta faɗi, ya taso da kansa har ƙofar ɗakin yana dariya.

“Malam, hannunka ya dawo! Irin wannan nake so. Ko 'yar gida ba ta tsira ba.”

Nas ta sunkuyar da kai tana fere fensir. Malam ya miƙe tsaye, kamar yadda yake yi duk lokacin da Darakta ya yi masa magana, ya ce, “Na gode, ranka ya daɗe.”

Aka miƙo mini takardun, na zauna na buga su.